Ɗan da Tire Ya Rufe a Shagon Tanimu

A rage fitilar nan. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari ya tashi tun yanzu, ya tafi wurin innarsa. Wanda ya zauna kuma ya yi bisimilla, domin waɗanda za a ambata suna da kunne.

A Ƙauran Namoda abin ya faru, can bayan tashar jirgin ƙasa, inda layin shaguna ya ƙare. Daga shago na ƙarshe sai fili, sai tsofaffin taragu da tsatsa ta cinye. Wannan shago na ƙarshe na wasu 'yan'uwa biyu ne, Ashiru da ƙanensa Tanimu.

Ashiru tsohon ɗan dambe ne. Ƙato, baƙi, hannunsa na dama kamar taɓarya. Shi ya riƙe Tanimu tun rasuwar mahaifinsu, kuma saboda shi ya bar dambe ya buɗe shagon dobin, wato kwafar waƙoƙi a kaset. Tanimu kuwa siriri ne, ba shi da yawan magana. Idan ya zauna gaban kwamfuta, sai ka kira shi ka gaji bai ji ba.

Lokacin nan kaset ya fara mutuwa. Kowa faifan sidi yake nema. Sai Ashiru ya sayar da babur ɗinsa, ya je Kano ya sayo na'urar buga faifai, irin wadda ake zurawa a cikin kwamfuta. Ƙaramar aba ce mai jikin ƙarfe. Tana da tire, wanda yake fitowa kamar harshe a ɗora masa faifai ya koma ciki. A can cikinta akwai wata 'yar wuta ja, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero. Ita ke ƙona sauti a jikin faifan. Ba ta da harshe, ba ta da hayaƙi.

Matsalar ita ce kwamfutar ta ƙi na'urar.

Tanimu ya riga ya goge tsohuwar manhajar da ke kanta, don cuta ta cinye ta. Ya sa wata da ake kira Linux, wadda wani abokinsa mai karatu a Zariya ya ba shi. Kyauta ake raba ta, kuma a buɗe take, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. Amma a wancan zamani ba ta yi wa mutum komai da kanta. Sai ka rubuta mata umarni a kan baƙin allo, kalma bayan kalma. Sai ka ɗora mata ɗan shirin da ake kira direba, wanda shi ne tafinta tsakanin kwamfuta da na'ura. Sai ka nemo lambar da ta ba na'urar. Sai ka faɗa mata gudun da za ta yi. Ka kuskure ɗaya, komai ya tsaya.

Tanimu ya yi ta fama. Ya lalata faifai ya fi a ƙirga.

Ranar da abin zai faru, bazara ce, rana tsaka. Zafi ya kori kowa. Masu shagunan layin duk sun ja ƙofa sun tafi neman inuwa. Ba wutar lantarki, sai ɗan janaretonsu ke ta kuka a bayan shago.

Ashiru ya leƙa tankin, ya dawo yana share gumi.

"Mai ya kusa ƙarewa. Bari in je in samo. Auta, yau dai zai yi?"

"Zai yi, Yaya. Ta fara ganin na'urar."

"Jiya ma haka ka ce."

Ya ɗauki galan ya fita. Tanimu ya rage shi kaɗai a layin gaba ɗaya.

Ya danna maɓalli, tire ya fito. Ya ɗora sabon faifai. Bai mayar da shi ba, ya bar shi a buɗe, ya juya yana rubutu a kan allo. Sai ya ji wata 'yar iska ta wuce ta gefen kunnensa. Mai ɗumi. Kamar numfashin jariri. Ya ɗaga kai. Labulen ƙofa bai motsa ba.

Bai kawo komai a ransa ba. Bai ce bisimilla ba. Ya tura tiren da ɗan yatsa, ya rufe. Ya rubuta umarni, kuma saboda gaggawa ya ba na'urar gudun da ya fi ƙarfinta. Ya danna.

Na'urar ta ɗauki gurnani. Rubutu ya fara gudu a kan allo. Tanimu ya yi murmushi.

Sai rubutun ya tsaya cak.

Sai kuka.

Siriri ne, can ƙasa-ƙasa. Da farko ya ɗauka mage ce a bayan shago. Ya kasa kunne. Ba daga waje yake zuwa ba. Daga cikin na'urar yake fitowa. Kukan yaro ƙarami, irin wanda aka rufe a ɗaki mai duhu.

Ya danna maɓallin tire. Shiru. Ya sake dannawa. Tiren ya ƙi. Dama haka take: muddin ana cikin buga faifai, na'urar kan kulle bakinta, ba ta buɗewa sai an gama. To ga shi aikin bai gama ba, bai kuma ci gaba ba.

Ya miƙa hannu zai zare wayar wuta.

"Kada ka taɓa."

Mace ce tsaye a ƙofa. Bai ji sallama ba, bai ji takunta ba. Gajeriya ce, ta lulluɓa da farin mayafi har goshi. Fuskarta fes, ba gumi ko ɗigo, a wannan zafi.

"Sannu, Hajiya. Ba mu fara aikin faifai ba tukuna, sai..."

"Ɗana."

Sai da ya ji kalmar ta gama, sannan ya ga leɓɓanta sun motsa.

Ya sunkuyar da kai don kada ya ƙara kallon bakin. Da ma bai sunkuya ba. A ƙarƙashin zanenta ba ƙafa ba ce. Kofato ne, baƙi, kamar na jaki. Inda ta taka, simintin ya yi baƙi yana ƙauri.

Ta shigo. Wadda ya gani gajeriya, sai da ta duƙa kafin ta wuce ƙofar.

"Ya ga 'yar wutarka, ya zaci ɗan'uwansa ne. Ya shiga wasa. Ka rufe shi."

"Wallahi ban gan shi ba. Wallahi..."

Bai ga sanda hannunta ya iso ba. Sai dai ya ji an shaƙe shi an ɗaga sama. Ta maka shi da bango. Kantocin kaset suka zubo masa a ka. Ta sake ɗaga shi, ta sake makawa. Ya ji wani abu ya ce ƙas a haƙarƙarinsa. Jini ya cika masa baki. Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu, harshe na sarƙewa.

Ta tsaya tana kallonsa har ya kai tsakiya.

"Ƙarasa," in ji ta. "Ni ma ina karanta ta. Ba shaiɗaniya ba ce ni. Uwa ce. Buɗe."

"Ki... ki buɗe mana, ke da kike da ƙarfi."

"Ƙarfe ne. Ba ma taɓa shi. Kuma ka ji da kyau, bil'adama. Yanzu ya cakuɗe da wutar da ke ciki. In ta mutu, ya mutu. In ya mutu, ba wanda zai kwana da rai a gidanku."

A bayan shago janareto ya yi tari, ya ci gaba.

A daidai nan Ashiru ya ɗaga labule, galan a hannu. Ya ga ƙanensa a ƙasa cikin jini. Ya ga wata doguwa tsaye a kansa. Ashiru bai tambayi kowa komai ba. Bai taɓa tambaya ba kafin ya yi duka. Ya saki galan, ya dunƙule hannun nan da ya kayar da maza a Gusau da Talatar Mafara, ya kai mata a gefen wuya.

Kamar ya daki murhu.

Fatar 'yan yatsunsa ta saluɓe nan take. Kafin ya yi ihu ta kama hannun, ta murɗe shi baya kamar mai matse wanki. Ƙashin ya tsaga fata ya fito a ƙasan gwiwar hannu, fari sol. Ashiru ya durƙusa. Ƙaton nan da Tanimu bai taɓa ganin hawayensa ba, ya buɗe baki yana kuka kamar sa a mahauta.

Galan kuwa ya faɗi ya fashe. Fetur ya fara malala a kan siminti, yana bin gangare, a hankali, zuwa wajen kofatonta.

"Yaya!"

"Zauna," in ji ta. "Buɗe."

Tanimu ya ja jiki ya hau kujera. Idonsa na gani biyu-biyu. Ya tuna akwai wata 'yar huda a gaban na'urar, wadda ake zura allura a tilasta tire ya fito. Ya laluba a kan tebur ya sami allura. Ya zura. Ya tura.

Yaron ya tsala wata ƙara da ta sa gilashin agogon bango ya tsage.

Matar ta sunkuya. Ta kama ɗan yatsan Ashiru na hannun hagu, ta lanƙwasa shi baya har ya ce ƙas.

"Naka hannun ina da bukatarsa," ta ce wa Tanimu. "Na wannan ba ni da ita. Duk sanda ɗana ya yi irin wannan kuka, zan karya ɗaya."

Tanimu ya jefar da allurar kamar ta ƙone shi.

"Auta." Muryar Ashiru ce, daga ƙasa, a shaƙe. "Kada ka dube ni. Dubi allonka. Ta karya duka. Kai dai yi aikinka."

Tanimu ya share jinin da ke bakinsa. Ya tilasta wa kansa tunani. Ba a kashe wuta. Ba a fasa na'ura. Ba a zura allura. Saura hanya ɗaya: ya sa kwamfutar da kanta ta saki tiren.

Ya buɗe wani baƙin allon. Dole ya shiga a matsayin mai gida, wanda ke da iko da komai a cikin kwamfutar. Ta nemi kalmar sirri. Ya rubuta, ya kuskure. Ta ƙi. Kukan ya ƙaru. Ya ji ƙas a bayansa, ya ji Ashiru ya ciji leɓe yana gurnani. Bai waiwaya ba. Ya sake rubutawa, harafi ɗaya, ya numfasa, harafi ɗaya. Ta karɓa.

Ya kira jerin shirye-shiryen da ke aiki. Ga shi nan, shirin buga faifan, ya sandare, ya riƙe na'urar gam ya ƙi saki.

"Sai na kashe shi," ya faɗa a ƙasan maƙoshi.

Bai rufe baki ba ya ji kansa ya daki tebur. Ta danne masa ƙeya, kumatunsa a kan kibod. Tafin hannunta kamar dutsen guga. Ya ji ƙaurin gashin kansa.

"Wa za ka kashe?"

"Ba shi ba! Ba ɗanki ba! Abin da ya riƙe ƙofar! Haka ake faɗa, wallahi haka ake faɗa! In ban tsayar da shi ba, ba za ta buɗe ba!"

Ta kasa kunne ga kukan yaron, da janareto.

Ta ɗaga hannu a hankali. Fatar ƙeyarsa ta bi tafin nata.

Ya rubuta umarnin. Shirin ya ɓace daga jerin. Gurnanin na'urar ya sauka, amma 'yar fitilar gabanta tana nan a kunne. Kukan ya ragu, ya koma shessheka. Ya rubuta umarnin fito da tire.

Kwamfutar ta amsa da layi ɗaya. Ta ce ba ta san wata na'ura mai wannan suna ba.

Tafintan ya faɗi tare da shirin. Kwamfuta da na'ura sun daina jin maganar juna.

A bayan shago janareto ya yi tari. Ya sake yi. Fitilar rufi ta dusashe, ta dawo.

Matar ta juya kanta wajen ƙarar. Karo na farko Tanimu ya ga tsoro a fuskarta.

"Me ke damun abin can?"

"Mai ne ya ƙare," in ji Ashiru. Ya ɗago kai da ƙyar. "Baiwar Allah, sake ni in fita. In aka karkata shi, sauran man da ke gindin tanki zai gangara. Zai ƙara ɗan lokaci."

"Ka gudu?"

"Ƙanena na nan. Ina za ni?"

Ta dube shi. Ta sake shi.

Ashiru bai iya tashi ba. Da gwiwa ya fita, ta cikin fetur, karyayyen hannu na jan ƙasa, yana barin jan layi a bayansa. Tanimu ya ji shi yana zagayawa bayan shago. Ya ji nishinsa. Ba shi da hannun kamawa, sai ya sa kafaɗa a ƙarƙashin janareton, wurin da ya fi zafi, ya ɗaga. Ƙarar injin ta daidaita.

Tanimu ya san abin da ya rage. Mafi sauƙi a kashe kwamfuta a sake kunnawa, kuma wannan shi ne ba dama. Amma abokinsa na Zariya ya taɓa nuna masa cewa a wannan manhaja ana iya cire tafinta a mayar da shi alhali komai na kunne. Sau ɗaya ya gani. Bai taɓa gwadawa ba.

Ya rubuta umarnin cirewa. Ya tsaya, yatsa a sama.

"Me kake jira?"

"In na yi kuskure, fitilar na iya mutuwa."

"To kada ka yi."

Fetur ya iso ƙafar kujerarsa. Tsakaninsa da kofatonta bai fi taki ba. Wurin ya fara hayaƙi.

Wannan karon ya ce bisimilla. Ya danna.

Allon ya yi shiru. 'Yar fitilar ta lumshe. Shesshekar ta ɗauke ɗif.

Matar ta buɗe baki. Ba ƙara ce ta fito ba, zafi ne. Kaset-kaset ɗin da ke ƙasa suka fara narkewa suna nannaɗewa. Tanimu bai dube ta ba. Ya rubuta umarnin mayarwa, hawaye da jini na ɗiga a kan maɓallai. Ya danna. Ya sa kwamfutar ta nemo na'urorin da ke jikinta.

Layi ya fito. Sannan wani. Sannan sunan na'urar, da lambarta a gefe.

Fitilar ta kama. Can ciki, wata 'yar murya ta ce, "Inna."

Ya kwafi lambar, ya duba, ya sake dubawa. Ya rubuta umarnin fito da tire.

Na'urar ta ce ƙiris. Tiren ya zuro a hankali.

Faifan ya yi baƙi ƙirin, ya lanƙwashe. A kansa akwai wani abu da ido ba ya iya riƙewa, kamar rawar da iska ke yi a kan kwalta da rana tsaka. Girmansa bai fi ɗan tsako ba. Yana rawar ɗari. Matar ta durƙusa, ta buɗe mayafinta nesa da ƙarfen, tana wani irin sauti a maƙoshi, irin wanda kowace uwa ke yi. Abin ya yi tsalle ya shige ƙirjinta. Ta rufe.

Ta daɗe a haka, tana jijjiga shi.

A bayan shago janareto ya mutu. Allon ya yi duhu.

Ta miƙe. Ta dubi Tanimu. Ya zaci ƙarshensa ne ya zo.

"Ka ce ba ka gan shi ba."

"Ban gan shi ba."

"Na yarda. Shi ya sa."

Ta kama haɓarsa. Ta ɗora babban yatsanta a kan idonsa na hagu, ta danna. Tanimu ya yi ihun da aka ji har tasha. Ya ji kamar an zura masa garwashi har cikin ƙwaƙwalwa.

"Daga yau za ka gani kafin ka rufe. Fita. Ɗauki ɗan'uwanka. Namiji ne."

Ta jefa shi waje ta ƙofa kamar tsumma. Ya faɗi a rana, ya rarrafa bayan shago. Ya tarar da Ashiru a sume, kafaɗarsa manne da injin, naman wurin ya ƙone. Ya kama shi ta wuyan riga ya ja. Yaro siriri, haƙarƙari a karye, yana jan ƙato a ƙasa. Shi kansa bai san inda ya sami ƙarfin ba. Sai da suka kai gindin wani tsohon tarago, sannan ya ji wani bum a bayansa. Ta taka fetur ɗin.

Kafin mutane su iso da bokitai, shagon ya zama toka. Kowa ya ce janareto ne da galan ɗin mai. 'Yan'uwan ba su musa ba.

Ashiru ya rayu. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma hannun dama ya shanye, yatsun hagu kuma suka warke a karkace. Tanimu ne ke ba shi abinci a baki har ya koyi riƙe cokali. Bai taɓa cewa ƙanensa ya jawo masa ba. In an tambaye shi abin da ya sami hannun, sai ya ce, "Na gamu da wanda ya fi ni," ya ja bakinsa.

Tanimu kuwa idon ya warke, amma ƙwayar ta koma fari-fari, kamar ta dafaffen kifi. Likita ya ce idon ya mutu. Bai mutu ba.

Yana nan har yau a Gusau, yana gyaran kwamfuta a wani ɗan shago. Ba ya rufe akwati, ko durowa, ko murfin tukunya, sai ya leƙa ciki da idon nan tukuna. Yana tafiya a kan hanyar da ba kowa, sai ka ga ya kauce, ya ba wani wuri. Wani lokaci yana cikin ciniki, sai ya yi shiru, ya ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa, har abin da ke wucewa ya wuce.

Don haka ku ji da kyau. Kada ɗayanku ya kuskura ya bi ta bayan tashar Ƙaura shi kaɗai da rana tsaka, ko da an aike shi. Kuma in Allah ya kai ku shagon Tanimu, kuna cikin gaisawa, kuka ga ya dubi bayan kafaɗarku ya ce, "Sannu, Hajiya, ya yaron?" to kada ku waiwaya.

A kashe fitilar. Kowa ya yi addu'a ya kwanta.